Tambayi Likita: Yaro mai shure bargo, da maganar kasko a ɗaki

Tun da hunturu ya kankama, yawancin saƙonnin da ke shigo mini a kan yara ne da sanyin dare. Ga waɗanda na zaɓo na wannan makon.

Likita, ɗana shekararsa biyu da rabi. Duk yadda na lulluɓe shi sai ya shure bargon, da asuba in tarar da kansa a inda ƙafarsa take. Na gaji da tashi cikin dare. (Wata uwa daga Zariya)

Malama, ki bar kokawa da bargo, ba za ki ci riba ba. Haka yara masu wannan shekarun suke barci, juyi da birgima, ba ciwo ba ne. Ki sa masa abin da ba zai iya shurewa ba: singileti, riga mai dogon hannu, rigar sanyi, dogon wando da safa. Ki cusa rigar cikin wando don kada ta tattare ta bar cikinsa a waje, ƙafar wandon kuma ki cusa ta cikin safa. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ƙatuwar jaket ɗaya, domin jaket kan sa shi gumi, gumin ya huce a jikinsa gab da asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani. Sau da yawa ma zafin ne ke sa yaro watsar da bargo.

In za ki duba ko yana jin sanyi, ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu ba. In a ƙasa yake kwana, siminti na zuƙe ɗumin jiki, sai ki shimfiɗa kwali ko tsohon bargo a ƙarƙashin katifar. Ya yi fitsarin kwance, a canza masa kaya nan take. Wannan duka ga wanda ya wuce shekara ɗaya ne. Jariri kam a kwantar da shi rigingine, ba bargo mai nauyi, ba matashin kai, fuskarsa a buɗe.

Likita, mahaifiyata takan shigar da kaskon garwashi ɗakin da take kwana da jikokinta. Ta ce in gawayin ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, ba ya cutarwa. Gaskiya ne? (Wani magidanci daga Funtuwa)

Malam, wannan ce tambayar da ta fi damuna, don haka ka yi haƙuri in tsawaita.

Ba gaskiya ba ne. Hayaƙin da ake gani yana sa tari da hawaye, amma wanda ke kisa ba a ganinsa. Garwashi, ko ya yi ja jawur, yana fitar da wata iska mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa mutum tari balle ya farka. In an shaƙe ta, takan manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin ke manne masa har sama da ninki 200, sai jinin ya riƙa zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Mai barci sai barcinsa ya ƙara nauyi. Yaro kuma ya fi babba saurin numfashi, shi ya sa yake riga kowa galabaita.

Na san abin da Iya za ta ce: "Da shi muka tashi, ba abin da ya same mu." A faɗa mata da ladabi cewa ɗakin da ta tashi a ciki daban ne. Ɗakin bunu da asabari a ƙofa iska na ratsa shi ta ko'ina. Ɗakin yau na bulo ne, ga silin, ga tagar gilashi, ga ƙofar ƙarfe, mun kuma bi duk wata kafa mun toshe da tsumma saboda ƙura. Barbaɗa gishiri a garwashin ko ajiye kwanon ruwa a gefe ba ya rage komai. Ban da haka ga gobara, ga yaro mai birgima da zai iya faɗawa cikin wutar.

In ya zama dole a ɗumama ɗaki, a yi da wuri, taga a buɗe, sannan a fitar da kaskon tsakar gida kafin kowa ya kwanta. Kaskon turaren wuta ma haka. Janareta kuma kada ya kwana a baranda ko jikin taga, iskar ɗaya ce.

Idan mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai a lokaci ɗaya, ko yaro ya ƙi farkawa, kada a tsaya zargin abincin jiya ko iskokai. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikata cewa an kwana da garwashi. Don Allah kada a ɗura wa wanda ya suma manja ko madara. Ba sa kashe wannan gubar, sai dai su bi ta huhunsa. Ko an ga ya farfaɗo a waje, a kai shi asibiti.

A daina yi wa yara wanka har sanyi ya wuce?

A'a. A yi da rana tsaka da ruwan ɗumi, a tsane jiki da wuri, a shafa man kaɗanya ko basilin. A fara zuba ruwan sanyi a bokiti kafin na zafi, kada yaro ya tsoma hannu ya ƙone.

Maƙwabciyata ta ce in shafa wa 'yata kananzir a ƙirji, in kuma lasa mata man zafi don kada sanyi ya shige ta. (Wata uwa daga Maraɗi)

Subhanallahi! Kananzir na risho ne, Hajiya, ba na jikin ɗan Adam ba. Yana ƙona fata, in kuma ya shiga huhu yana jawo limoniya mai tsanani. Man zafi irin su Robb ba na ci ba ne, kafur ɗin da ke cikinsa na iya sa yaro farfaɗiya. Kada a sa shi a hanci, kada a shafa wa wanda bai kai shekara biyu ba. In ta riga ta haɗiya, kada a sa ta amai, a tafi asibiti.

Limoniya kuwa ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, hayaƙi da ƙura su taimaka musu. Ki ɗaga rigarta lokacin da take kwance shiru, ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur. Ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye ya yi sauri. Ga ɗan wata 2 zuwa shekara, 50 ko fiye. In ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa idan ta ja numfashi, ko ta ƙi shan komai, asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Likita, zan iya ba ɗana firiton, maganin nan mai sa barci, don ya nutsu ya bar juyi?

Kul! Lafiyayyen yaro ba a ba shi magani don ya kwanta lamo. Sa masa kaya kawai.

Yarona sikila ne, akwai abin da zan ƙara?

Akwai. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar masa da ciwo, kuma a hunturu yara ba sa neman ruwa da kansu. Ki riƙa ba shi ruwa a kai a kai, safa da rigar sanyi tun magariba, gidan sauro kuma kada a naɗe shi don an ga sauro ya ragu. Zazzaɓi ko kaɗan, ko ciwon ƙirji, ko kumburin hannu da ƙafa, ki kai shi asibiti a ranar.