Amsa: wace kaliba ce ta dace da bindigar farautar da za ka harhaɗa?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka harhaɗa bindigar farauta da hannunka, ta barewa da aladen daji, a nisan da bai wuce mita 300 ba, kuma ka rasa kalibar da za ka ɗauka, wato nau'i da girman harsashi, tsakanin .308 Winchester, 6.5 Creedmoor da .30-06. Ka kuma ce har ka ga wani bututu da ya kwanta maka. Don Allah ka dakata da sayensa tukuna. Harsashi ake fara tsayarwa, sauran kayan duk shi suke bi.

Ni da bututu na fara, kuma na ji jiki. Bindigata ta farko .243 ce, bututunta mai murɗi ɗaya a cikin inci 10, wato layukan cikinsa suna juya harsashi sau ɗaya a kowane inci 10. Sai na sayo dogayen harsasai masu nauyin giren 105 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) saboda na ji ana yabonsu. Ranar gwaji na kafa takarda a mita 100, na harba biyar, na taka na je dubawa. Biyu daga cikin hujojin ba zagaye suke ba, dogaye ne, siffar harsashin a kwance ta fito sak a jikin takardar. Wato tun a iska ya fara wulƙitawa. Dogon harsashi yana bukatar murɗi mai sauri kafin ya tsaya cak a kan hanyarsa, wannan nauyin kuwa ɗaya a cikin 8 yake so. Wanda ya sayar mini bai tambaye ni abin da zan harba ba, ni ma ban san in faɗa ba. Da dabba ce a gabana, da rauni kawai zan yi mata ta shige daji tana wahala, kuma wannan ne abin da ya fi damuna har yau.

To ga yadda abin yake. .308 da 6.5 Creedmoor tsawonsu kusan inci 2.8 ne, gajeriyar uwar bindiga suke shiga, wato jikin ƙarfen da ake ɗaura bututu a kansa. .30-06 ya kai inci 3.34, sai doguwa. Dukansu uku gindin kwansonsu ɗaya ne, inci .473, don haka fuskar sakata iri ɗaya ce take kama su (sakata ita ce ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi). Amfanin wannan shi ne, idan ka gina a kan gajeriyar uwa mai wannan fuska, gobe za ka iya sauya bututu ka koma .243 ko 7mm-08 ba tare da taɓa sakata ba. Manyan magnam irin .300 Winchester Magnum fuskarsu ta fi faɗi, .223 kuma tasa ta fi ƙanƙanta, ba sa haɗa hanya da waɗannan.

A nawa ganin, ka ɗauki .308. Tun 1952 yake kasuwa, kusan babu kamfanin harsashi da ba ya yin sa, kuma giren 150 zuwa 165 ya ishe ka a kan dabbobin da ka ambata. Murɗi ɗaya a cikin 10 zai riƙe maka har 180. Bututunsa yana daɗewa bai cinye ba, kuma ko ka tsaya a inci 20 ba ka yi babbar asara ba. Ba na raina 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin harsashi na Hornady ya fitar a 2007. Dukansa a kafaɗa ya fi sauƙi, iska ba ta cika karkatar da shi ba, amma wannan fifikon sai a nesa sosai yake bayyana, kai kuwa ba can za ka harba ba. Idan dai kana firgita da dukan bindiga, to shi ne naka, da murɗi ɗaya a cikin 8. .30-06 tsoho ne mai daraja tun 1906, sai dai ƙarfin da ya ƙara ba ka bukatarsa.

Wajen sauran kaya, tsarin uwar bindiga na Remington 700 ya fi kowane yawan ƙota da kunama da mazaunin madubin saiti da aka yi dominsa. Amma ka duba uku kafin ka biya: ƙotar ta gajeriyar uwa ce ko doguwa, kwarin da bututu zai kwanta ya dace da kaurinsa, sannan cikin magazin, wato gidan harsasai, zai ɗauki tsawon harsashinka. Kada ka bi kauri, bututu mai nauyi daɗinsa a kan teburin gwaji ne kawai, bayan tafiyar wuni za ka tsane shi.

Abu ɗaya ban yarda ka yi shi kai kaɗai ba: tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda kwanso yake tsayawa a ɗakinsa da ke gindin bututu. Idan ta yi yawa kwanso yana iya tsagewa, gas mai zafi ya taso maka a fuska. Ka kai wa ƙwararren maƙerin bindiga ya auna da gejin, wato ƙarfen awo, da aka yi wa wannan kalibar bisa ma'aunin SAAMI ko CIP, ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin harsasai, ya yi harbin farko. Kafin ma ka sayi uwar bindigar, ka tabbatar dokar inda kake ta ba ka izinin mallaka da harhaɗawa, takardunka kuma suna hannu.