Za mu tsallaka zuwa Faransa da motarmu, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigida da yara uku muna so mu je hutu Faransa da motarmu, ta jirgin ruwa daga Dover, a gaɓar Ingila. Ni zan yi rabin tuƙin, kuma gabana sai faɗuwa yake. Me za mu shirya? Daga 'yar'uwarku a Birmingham.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ku fara da fasfo. In na Najeriya ne ko na Nijar a hannunku, izinin zama a Ingila ba ya shigar da mutum Faransa, sai da bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai. Jami'an Faransa tun a Dover suke dubawa, wanda bai da ita daga nan zai juya gida. Ku haɗa da takardar motar ta V5C, inshora, da alamar UK a bayan mota, wadda ta maye gurbin GB a 2021.

Tsallakawa zuwa Calais, a gaɓar Faransa, kamar minti 90 ne. Da an nuna muku wurin ajiye mota, a ja birkin hannu, a hau sama, don ba a barin kowa ya sauko sai an isa. Na taɓa mance maganin amai na ɗiyata a cikin mota, ranar kuma teku na tashi, yarinyar ta sha wuya ƙwarai. Ki ware ƙaramar jaka: magani, ruwa, rigar sanyi, darduma. Ki kuma riƙe lambar hawan da motar take.

Abin da ya fi damuna shi ne rabin awar farko bayan sauka. A Faransa ta dama ake tuƙi, kamar a Najeriya da Nijar, amma hannunki ya saba da hagu, sitiyarin kuma yana dama. A shataletale ne mutum ya fi rikicewa, ko da fitowa daga gidan mai, lokacin da babu motar da za ki bi. Ki manna takarda kusa da sitiyari mai cewa "dama", maigida ya zama idonki wajen wuce mota. Allunan gudu da kilomita suke: 130 a babbar hanya, 110 in ana ruwa. Kada ku ɗauki jirgin dare a wannan karo na farko. Ku isa Calais da rana, ku tuna agogonsu yana gaba da awa ɗaya wajen lissafin azahar. Allah ya kai ku lafiya.