Tambaya da Amsa: Yaya Ake Hana Ƙwayoyin Ido Tsufa a Ɗakin Gwaji?

Tambaya: Likita, na ji ana ɗebo ƙwayoyin halittar idon mutum a sa musu wata ƙwayar gado, su yi ta rayuwa a ɗakin gwaji shekara da shekaru. Yaya ake yin haka? Kuma za a iya dasa wa mahaifina da ganinsa ke raguwa?

Amsa: Allah ya ba baba lafiya, 'yar'uwa. Abin da kika ji gaskiya ne.

Idan aka shuka ƙwayoyin jikin mutum a faranti, sukan yi ta rabuwa kamar sau 50, daga nan su tsaya cak. Leonard Hayflick ne ya nuna haka a 1961. Dalili shi ne, a bakin kowane kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwaya, akwai wani ɗan yanki da ake kira telomiya, kamar ƙullin da ake yi a bakin igiya don kada ta warware. Duk rabuwa sai ya ɗan gajarce, in ya gajarce ƙwarai ƙwayar ta tsufa.

A 1998 masana a Amurka suka cusa ƙwayar gadon hTERT, mai sa a sake tsawaita telomiya, cikin ƙwayoyi masu launi da ke bayan retina (shimfiɗar da ke karɓar haske a can cikin ido), waɗanda ke ciyar da ƙwayoyin gani. Sai ga su sun zarce iyakarsu suna ta rabuwa. Akwai kuma tsohuwar hanya ta ƙwayar gadon bairos ɗin SV40, wadda masana a Jafan suka bi a 1995 wajen ƙwayoyin fatar gaban ido. Ita tana kashe aikin p53 da Rb, sinadaran da ke taka wa ƙwaya burki, shi ya sa kuromosom ɗinsu kan hargitse. Ni dai na fi amincewa da sakamakon hTERT.

Amfaninsu babba ne. Idon mamaci da ake bayarwa sadaka don bincike ba ya samuwa yadda ake so, ga shi an daɗe ana ɗiga sinadarai a idon zomo don gwaji. Yanzu ana iya fara gwada maganin ɗigo a faranti.

Maganar dasawa kuwa, a'a. Ƙwayar da aka koya wa rabuwa ba tsayawa ta kama hanyar zama cutar kansa, ba a sa ta a idon mutum. Ki kai baba asibitin ido a duba shi. In yanar ido ce, aikin ɗan lokaci ke cire ta. In hawan jinin ido ne, abin da aka rasa ba ya dawowa, don haka kada ki jinkirta.