Amsa ga ƙanenmu mai fara abu ya bari

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce duk abin da ka ɗaura niyyar yi, tashin asuba ne ko bitar karatu ko koyon sana'a, ba ka kai mako guda sai jikinka ya yi sanyi, kuma kana tambaya ko akwai hanyar da mutum zai hori kansa ba tare da ya sha wuya ba. Na daɗe ina neman wannan hanya, ban same ta ba.

Ina da shekara 27 na shiga koyon ɗinki a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, bayan na ɓata shekaru a fada, wato majalisar hira ta samari, muna zaune daga shayi na fari har na uku. Na zaci ciwon baya da taka keke ne za su kore ni, ashe kunya ce babbar wuyar. Yara ƴan shekara 14 sun riga ni iya yanka, saboda haka ni ake aika sayen gawayin dutsen guga, kuma hanyar tana bi ta gaban fadarmu. Sai na riƙa zagayawa ta wani lungu mai nisa don kada abokaina su gan ni. Da maigidana ya lura da daɗewar da nake yi, bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai gobe in bi ta gabansu da ledar gawayin a hannu, in tsaya in yi musu sallama. Na bi, zuciyata tana bugawa. Suka yi mini dariya kwana uku, a na huɗu wani ya tambaye ni ko zan iya rage masa tsawon wando.

Shi wannan maigidan, Allah ya saka masa da alheri, ya taɓa sa ni farke wuyan riga ɗaya sau uku da reza, zare bayan zare, alhali mai rigar ba zai taɓa ganin karkacewar ba. A ranar na ji haushinsa ƙwarai, amma har yau idona ba ya barin ɗinki karkatacce ya fita daga shagona.

Ka ce ba ka da juriya, ni kuwa ban yarda ba. Azumin 2021 ya faɗo a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi yake haura digiri 40, kuma na tabbata ka kame bakinka kusan awa 14 kowace rana har wata ya ƙare. Abin da ya sa ka iya shi ne ka ɗauki niyya tun da dare, lokacin farawa da na gamawa sanannu ne, kuma kowa a gida yana yi tare da kai. Ba ka zauna da azahar kana shawara da ƙishirwa ba. A sauran al'amuranka kuwa, kowace safiya sai ka tambayi jikinka ko yana so, shi kuma jiki bai taɓa zaɓar tashi daga shimfiɗa a sanyin hunturu ba.

Don haka ka ɗauki abu ɗaya tak, wanda kake gudu, ka yanka masa lokacin da ba ya canzawa, ko da rabin awa ne bayan sallar asuba, sannan ka gaya wa wani babba da kake jin nauyinsa. Ba ina nufin ka hana kanka barci ko ruwan sha ba, domin na ga wanda ya kwana uku a kan keke gab da salla ya ƙare a gadon likita. Ranar da ka fasa, kada ka ce komai ya lalace, ka koma washegari a kan lokacin. Ni kaina sau biyu na gudu daga shagon a watan farko, kuma sau biyun na dawo na tarar da almakashina a inda na bar shi.