Mabiya Hindu a Leicester: Daga Ina Suka Fito?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a Leicester ta Ingila. Ya turo mini bidiyon wani titi ya cika maƙil da fitilu da mata sanye da sari, ya ce bikin Diwali ne. Yaya aka yi mabiya addinin Hindu suka yi yawa haka a ƙasar Turawa, kuma ba su saki al'adarsu ba?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Hajiya, ina kyautata zaton titin Belgrave Road kika gani, nan ne cibiyar Diwali, wato bikin fitilu na mabiya Hindu. Abin da zai ba ki mamaki, da yawa daga cikin mutanen nan ba daga Indiya kai tsaye suka zo ba, ta Afirka suka biyo. Kakanninsu 'yan jihar Gujarat ta Indiya ne da suka yi kasuwanci a Kenya da Uganda tun zamanin mulkin mallaka. A 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Uganda kwana 90 su fice. Hukumar birnin Leicester har talla ta saka a jaridar Uganda tana cewa kada su zo, amma suka zo, wasu da akwati ɗaya kacal.

A ganina wannan tarihin ne ya taimake su. Sun saba zama 'yan tsiraru tun a Kampala, sun san cewa idan ba a koya wa yaro addini a gida ba, titi ba zai koya masa ba. Shi ya sa za ki tarar da ɗan lungun ibada a gidaje da yawa, da fitilar mai da turaren tsinke, kaka tana hana a shigo da naman shanu kicin. Ƙarshen mako kuma a kai yara wurin ibada su koyi karatun harshensu na Gujarati.

A unguwar Neasden ta Landan sun buɗe katafaren wurin bauta a 1995. A Indiya aka sassaƙa duwatsunsa, aka kawo su ta jirgin ruwa.

Sai dai akwai abin da ke damun dattawansu, kuma ina tausaya musu: harshe. Jika zai yi rawar gargajiyarsu da ake kira garba dare tara a bikin addini na Navratri, amma in kakarsa ta yi masa magana da Gujarati, da Turanci zai amsa.