Jin waƙa da iyafis a kan keke

Malam, ka tambaya ko akwai haɗari a sa iyafis ana tuƙa keke. Akwai kam. Yawancin kekuna ba madubi, kunnenka ne idonka na baya. Ni na sha da ƙyar a wani shataletale a Kano: waƙa na tashi, ban ji hon ɗin mai Adaidaita Sahu ba, sai da ya goge mini feda.

Kada ka ruɗu da "ai na rage sauti", musamman irin mai toshe ƙarar waje. In ya zama dole, sa a kunnen dama kaɗai, tunda ta hagu motoci ke wuce ka. Faransa ma ta haramta sa iyafis ana tuƙa keke tun 2015.

In kunnenka na ƙugi bayan ka cire, je wurin likitan kunne.