Kuɗɗin ƙungiyarmu sun haura nisabi, wa zakka ta hau?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa nan Sokoto, mu 22 ne, shekara biyu kenan muna tara kuɗɗi asusu guda a banki da niyyar in sun yi kauri mu sayi hatsi mu aje. Yanzu sun ninka nisabin da hukumar zakka ta sanar kusan sau uku, shi ne ciyaman ya ce a cire 2.5% a dunƙule tunda wuri guda suke. Amma gaskiya fiye da rabi na wani Alhaji ne, kuma akwai mata uku cikinmu da mazansu sunka rasu, kason kowacce bai wuce dubu 50 ba. Mu cire?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam sakatare, ku dakata tukuna. Abin da ka jefo a ƙarshe kamar ba kome ba, nan hukuncin yake.

Zakka kan mutum take hawa ba kan ƙungiya ba, zaman kuɗɗi asusu guda bai mai da su na mutum guda ba. Ɗauko littafinka ka bi suna-suna, kowa ya ɗauki kasonshi ya haɗa da abin da yake da shi gida ko shago ko wani banki, ya cire bashin da ake bin shi, in saura ya kai nisabi, wato kimar giram 85 na zinari, kuma shekara ta kewayo, ya fidda, in bai kai ba babu kome kanshi. Alhaji dai ta hau shi, ya duba ma ko tun bara ta hau, in haka ne ta shekara biyu ake bin shi.

Shi ciyaman ba da ka ya yi magana ba, na san inda maganar ta fito. Shafi'iyya na ganin dukiyar da anka gauraya hukuncinta guda ne ko da kuɗɗi ne, hujjarsu wasiƙar Sayyidina Abubakar ga Anas da ke cikin Bukhari, cewa kada a haɗa rarrababbe ko a raba haɗaɗɗe don gudun zakka. To amma wagga wasiƙa a wurin nan maganar dabbobi take yi, garke mai makiyayi guda da mashaya guda, kuma ko a dabbobin Imamu Malik ya hwaɗi ƙarara cikin Muwaɗɗa cewa sai kowanne daga abokan haɗin ya mallaki nisabinshi, haka munka karanta cikin Risala tun muna yara. Kai da tumaki 20, ni da 20, yaro guda ke kora su gulbi, Shafi'i ya ce tunkiya guda ta wajaba, Malik ya ce babu kome. Abu Hanifa bai ma kula da gaurayar ba sam, Ahmad kuwa a mashhurin zancenshi ya tsai da ita ga dabbobi. Ni abin da ya fi tsaya mini ba yawan limaman ba ne, umurnin da Annabi (SAW) ya ba sahabi Mu'azu kan mutanen Yaman ne, a karɓa daga mawadatansu a mayar ga matalautansu. Baiwar Allah mai dubu 50 ita kanta ta cancanci a ba ta zakka, yaya za a yi a cire mata 1,250? Ku kun ga ba wani kuɗɗi ba ne, ita ta san yawan ƙosan da ta soya kafin ta tara su.

Wani zai ce ai kamfanoni haka suke yi. E, majalisar fiƙihu da ta zauna Jidda a 1988 ta yarda kamfani ya fidda a dunƙule, amma ta ce asalin wajibcin kan masu hannun jari yake, kamfani wakili ne, sai in dokarshi ta tanadi haka, ko babban taro ya amince, ko hukuma ta tilasta, ko mai kason ya ba da izini. Ba ka ambaci ko guda cikin waɗannan ba, kenan ko ta wannan ƙofar ciyaman bai da ikon sa hannu shi kaɗai, ga kuma niyya, wanda anka cire ma bai sani ba ina niyyarshi?

Ba ka tambaye ni ba amma bincika irin asusun nan, in banki na ɗora ruwa ka ware shi daban a kai wajen mabuƙata, ba ribar kasuwanci ba ce kuma ba a lissafa shi zakka. Ranar da kunka sayi hatsin ka dawo mu yi magana, wanda ya aje kaya yana jiran kasuwa lissafinshi daban ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kuma kada ku ƙulle rumbu lokacin da gari ke kukan tsada.

Don Allah kada ka karanto kason mutane gaban taro ko ka zuba shi a guruf ɗin WhatsApp. Ka sami ciyaman kai da shi, ka sami Alhaji gida bayan la'asar ka nuna mishi lissafinshi. In ya so ya ba matan nan uku daga zakkarshi ya halatta, zamansu ƙungiya guda bai hana ba, sai dai a sa musu a hannu ba tare da sharaɗin su mai da shi asusu ba. Wallahu a'alam.